An ɗauke ni infoma a kan dutsen Kuyello

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Sani, daga Kuyello. Daga gida nake karatun jami'a, littattafan laburare kuma ta waya nake sauke su. Mu nan babu sabis sai a kan dutsen bakin daji.

Ranar Talata ina can na ɗaga waya sama, sai 'yan sa-kai suka zagaye ni da bindigogi. Babbansu ya ce, "Wa kake ba rahoto?"

Nan take na kira ma'aikaciyar laburaren jami'ar, ta yi musu bayani. Sun sake ni, amma sun ce kada su ƙara ganina a wurin.

Jarrabawa ta matso. Jama'a, in koma dutsen, ko in haƙura da karatun?