Rasit a Rigar Rahila

Salamar Yesu Almasihu Mai Cetonmu ta kasance tare da ku, 'yan'uwa. Sunana Bulus. Tsofaffin ikilisiyar nan sun san ni, wasu ma sun san ni fiye da yadda nake so. Ku yi haƙuri in muryata ta riƙa yankewa, maganar ta daɗe tana cina.

A da ni ne mai kula da sito a wani kamfanin kayan gini nan Suleja, a hanyar Madalla, lokacin da kowace babbar mota siminti take kaiwa Abuja. Wata Litinin aka buɗe sito aka ce buhun siminti ɗari biyu sun yi ƙafa. Makulli yana hannuna, to wa za a kama? Kafin rana ta yi tsaka ina bayan kanta a ofishin 'yan sanda. Allah ne shaidata, ko cikin cokali ban ɗiba ba.

Kotu ta yarda ta ba da belina, amma sai an ajiye naira dubu ashirin a hannun magatakarda, in shari'a ta ƙare ban gudu ba a mayar mana. Albashina na shekara bai kai haka ba. Matata Rahila ta sayar da kekenta na ɗinki, ko rabi bai kai ba. Sai ta je ta durƙusa a gaban zumuntar mata ta ikilisiyarmu. Uwar zumunta, Mama Saratu, ta tara mata goma sha ɗaya. Mai ƙosai ta kawo jarinta, mai doya ta kawo nata, wata gwauruwa ta kawo kuɗin makarantar 'yarta. Duk a kan cewa ranar da kotu ta mayar, kowa za ta karɓi abinta.

Rahila ce ta kai kuɗin, da sunanta aka rubuta rasit. Sau ɗaya na tambaye ta inda ta ajiye shi, ta ce in bar mata, wai ni mutum ne da ke neman hularsa alhali tana kansa. Muka yi dariya, ban sake tambaya ba.

Shekara biyu ana ɗage zama. Rahila ba ta taɓa fashi ba, kuma kullum da kayan zumunta take zuwa, wai alƙali ya ga daga gidan mutunci muka fito. Cikin shekara ta biyu taifot ya kwantar da ita. Kwana tara kawai ta yi. Matan zumunta suka yi mata wanka, suka sa mata rigarta ta zumunta da zani da ɗankwali kamar yadda muke yi wa tamu, muka kai ta gida Kudancin Kaduna muka binne.

Wata huɗu bayan haka gaskiya ta fito, direban kamfanin ya amsa shi ne. Alƙali ya wanke ni tas. 'Yan'uwa suna ta Haleluya a bakin kotu, ni kuwa bencin da Rahila take zama nake kallo. Ba ta ji da kunnenta ba, wannan har gobe yana min ciwo.

Na je wurin magatakarda karɓar kuɗin mata. Ya ce, "Oga, ina orijinal rasit? Kuma wadda ta kawo kuɗin ita za ta yi sainin." Na ce ta rasu. Ya cire tabarau ya yi min gaisuwa sosai, sannan ya ce shi dai abin da ya sani, babu rasit babu kuɗi.

Na birkice ɗakinmu. Na farke katifa, na zazzage akwati, na buɗe kwanukanta ɗaya bayan ɗaya. Babu. Sai na tafi unguwar Magajiya wurin Mama Saratu ko Rahila ta ba ta ajiya. Tana jin tambayata ta ajiye tsintsiyar hannunta, ta zauna a ƙasa.

Ta ce, "Bulus ɗana, ranar da muke shirya ta na ji wata takarda a ɗinke cikin rigar, wajen ƙirji, an naɗe ta a leda. Na ɗauka ayar haddacewa ce. Ni na ce a bar mata ayarta ta tafi da ita."

Kun san iyayenmu mata, ayar mako sukan rubuta ta a 'yar takarda su cusa a riga, suna bita a kasuwa. Ko wace ce a wurin haka za ta ɗauka. Amma ni ranar ban ga haka ba. Ina da zuciya, kowa ya sani. A tsakar gidanta, gaban surukanta da jikokinta, na ce mata tsohuwar banza, na ce ta binne ni tare da matata.

Daga nan na daina zuwa sujada. Na canza hanya don kada in bi ta gaban mai ƙosai. Na koma gidan burkutu a Madalla, ni da nake a ƙungiyar mawaƙa. Na ji labarin an koro 'yar gwauruwar nan daga makaranta, na ƙara ƙwarya biyu a kan wadda na saba. Abin da ya fi kashe ni, cikin matan nan babu wadda ta taɓa tare ni ta ce ina kuɗinta. Da sun zage ni da na fi samun sauƙi.

Wata rana wani abokin sha ya ce min ai leda ba ta ruɓewa, kabari kuma ƙasa ce kawai. Na yi masa tsawa, amma maganar ta shige ni. Ba zan ɓoye muku ba, na shiga mota na tafi gida, inda muka binne ta. Na jira da safe kowa ya tafi gona, na ɗauki diga na nufi kabarin Rahila. Na ɗaga, na sara sau ɗaya.

Ƙarar digar nan a kan ƙasarta ita ta kayar da ni. Na kifa fuska a wurin na ce, "Ya Yesu, dubi abin da na zama! Ka wanke ni daga satar siminti, ga ni zan yi wa matata sata a kabari. Ban san hanya ba, ka nuna min." Ban ga haske ba, ban ji murya ba. Kuka kawai na yi har rana ta take, na gyara wurin da hannuna, na tashi. Tun ranar burkutu bai sake shiga bakina ba.

Da na dawo Suleja na faɗa wa Fasto komai. Ya haɗa ni da wani dattijon ikilisiya da ya yi aikin masinja a kotu har ya yi ritaya. Baban ya girgiza kai ya ce da na zo tun farko da ban sha wannan wuya ba, domin kowane rasit yana da kwafinsa na kabon a cikin littafin da aka yago shi. Ya sa na yi takardar rantsuwa, na haɗa da takardar aurenmu da shaidar mutuwarta. Wata bakwai muna zirga-zirga, shi da sandarsa ni da fayil, kafin aka tono littafin a ɗakin ajiya. Da aka buɗe shafin na ga sa hannun Rahila, sai da na fita waje na zauna.

Watan jiya aka biya. Kowace mace ta karɓi nata, sai dai kuɗin ba kuɗin da ba ne. Abin da ya sayi buhun wake lokacin, yanzu rabi ma da ƙyar. Yarinyar nan kuwa ta koma aji, amma ta yi asarar shekara guda, kuma babu kotun da za ta mayar mata da ita.

Duk da haka ina gode wa Allah! Ya raba ni da ƙwarya, ya sauke min bashi, ya riƙe hannuna kafin in yi abin da ba zan iya ɗauka ba. Ɗan'uwa, in ka kai inda ba ka ganin gaba, kada ka ɓuya kamar yadda na yi. Ka dogara ga Yesu, ka buɗe baki ka faɗa wa 'yan'uwa.

Saura bashi ɗaya. Mama Saratu, ga ki can a benci na uku. Ƙauna ce ta sa kika bar wa Rahila takardar nan, ni kuma na saka miki da zagi. A gaban mutane na ci mutuncinki, a gaban mutane zan durƙusa. Fasto, na gama. Ku ba ni hanya in isa wurin Mama.