Sadakar Zulkifli

A tashar bas ta Darrasa da ke birnin Alƙahira, wata dattijuwa ta toshe hanci tana hararar wani ɗalibi mai ƙunshi a cinya.

"Wannan wari kamar mushe!" ta faɗa da Hausa.

"Ma'alish, yi haƙuri, Inna. Ɗan itace ne, duriyan sunansa."

"Au, kana jin Hausa? To ɗana, jefar da shi, ya ruɓe."

"Haka mai gadin asibiti ya ce, ya hana ni shiga da shi. Alhali haka Allah ya yi shi."

"Wa za ka kai wa?"

"Abokin ɗakina, Zulkifli, ɗan Malesiya. Tunda ya kwanta ba abin da yake ambato sai shi. Na karaɗe Alƙahira, sai a unguwar Zamalek na samu, wurin wani kuku ɗan ƙasarsu."

"Sai ka ɓoye a riga ka koma."

"Ina tsaye ina roƙon mai gadin aka fito aka ce Zulkifli ya cika."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Na ce in yi masa sadaka da shi. Duk wanda na miƙa wa sai ya kau da kai."

"Kai ka ɗanɗana?"

"Na kasa."

"Miƙo nan. Bismillah."

Ta runtse ido ta haɗiye.

"Ikon Allah! Laushi kamar man shanu, zaƙi kamar dabino. Allah ya kai masa ladan."

"Amin. Haka yake gaya mini kullum, ina yi masa dariya."

"To sa hannu ka ci, ɗana. Ko yanzu ka gaskata shi."