Tallar 'Yan Tsaki Mai Doguwar Gaisuwa

A kan bencin mai gyaran waya, wani dattijo mai kiwon kaji ya miƙa wa matar da ke gefensa wayarsa, yana sosa ƙeya.

"'Yata, duba mini. Na sa manhajar nan ta riƙa fitar da tallar 'yan tsakina a shafin shagona kowace safiya, amma kullum sai ta ce ba ta tafi ba. Ga su can suna cinye mini abinci, babu mai saye."

Ta karanta, ta danne dariya. "Baba, wayarka lafiya lau. Rubutun ne ya wuce iyaka. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya masu jiki... Har yanzu ban iso kaza ba."

"Tana can ƙasa. In faɗo wa mutane da ciniki ban tambayi lafiyarsu ba?"

"To wa ya amsa?"

"Ko mutum ɗaya. Ashe na'ura nake ta durƙusa wa, ita ma ba ta kula ni ba."

"In goge?"

"Goge, ki bar sallama." Ya leƙa wayar. "Wurin 'yan tsaki kuma ki sa zakaru. Yau su suka tashe ni da cara."