Motar da ta shiga titin jirgi

A bencin zauren filin jirgi wata dattijuwa ke jiran kayanta. Kusa da ita wani ma'aikaci ne zaune, ya naɗe rigar aikinsa a cinya.

"Mun kusa taɓa ƙasa, ɗana, sai jirgin ya sake cillawa sama," in ji ta. "Wai mota ce a kan titin. An ce na'ura ce ta cece mu."

"Na'urar ta yi ƙara, Mama, amma a makare. Matuƙin jirgin ne ya gani da idonsa."

"To amfanin me ta yi? Ihu bayan hari ke nan."

"Tana da amfani. Sai dai ba kowace mota aka sa wa abin da na'urar za ta gane ta da shi da wuri ba."

"Shi kuma wane sakarai ne ya shiga gaban jirgi?"

"Ba sakarai ba ne. Ya shekara goma sha tara yana duba fitilun titin. An ce masa ta rediyo ya dakata, rediyon na shaƙewa, ya ji kamar an ce ya tsallaka."

"Bai sake tambaya ba?"

"Bai sake ba. Ya ɗaga kai kawai ya ga tayoyin jirgin, har zanen da ke jikinsu."

Dattijuwar ta dube shi da kyau, ta dubi rigar aikin da ke cinyarsa, ta gane shi ne mai motar.

"Idan suka kira ka ofis, ka faɗa musu yadda ka faɗa mini," ta ce. "Kada ka ɗora wa rediyon laifin duka."