Ɗakin Mutum Shida, Jikoki Cike da Gida

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Gure. Na sayar da garkar dabinon da ke ciyar da gidana, na sayi zaman ɗaki na mako guda kowace shekara a wani otel mai filin wasan yara, can bakin teku. Na yi wa jikokina duka alkawarin zuwa. Sai da na sa hannu a takardar cinikin na lura an rubuta mutum shida kaɗai ɗakin ke ɗauka. Ni da na tsufa ina koyar da karatu!

Jiya jikata Falmata ta ce, "Tsoho, ni matarka ai ba ka barina, ko?" Na kasa ɗaga kai.

Masu sauraro, ku ba ni shawara: da wane baki zan zaɓi masu zuwa?