Ƙanena da tantin haya a bakin teku

"Yaya, ke dai zamna ki huta. Mota da tanti da risho duk na haya ne, komai na wuyana." Haka ƙanena Bello ya ce mini kafin mu tafi hutu, mu zagaya wani tsibiri a teku.

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Daga unguwar Arkilla nake rubutowa, kuma wallahi na gaji.

Shi ke tuƙi, ni ke girki a tsugune, iska tana kashe mini risho. Na haƙura. Rannan da hantsi ya kafa tanti a kan yashi, dab da ruwa. Na ce masa na karanta cewa teku kullum sai ya cika ya janye. Ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, da rani? Gulbin Rima ma sai da damina yake kawowa." Muna sallar la'asar ruwa ya shigo. Katifu suka jiƙe, tukunya ta tafi. Ni da ciwon gwiwa nake jan tanti, shi yana can yana ceton wayarsa.

Yanzu hotuna masu kyau yake nuna wa Innarmu, har ta yarda ya kai ta. Tsohuwar da sai an kama ta take miƙewa!

Bello, na san kana saurare. Kafin Juma'a ka je ka faɗa wa Inna gaskiya da bakinka. In ka ƙi, ranar Asabar zan tara yayyenmu a ɗakinta, in ba da labarin nan tiryan-tiryan, kana zaune.