Cikin Gwanki Ya Kumbura

Bashar: Salamu alaikum. Yaya Hanatu, ina wuni?

Hanatu: Wa alaikumus salam. Lafiya lau, autan Inna. Ya mutanen Rawayya?

Bashar: Lafiya ƙalau. Ya Gusau? Ya aikin asibitin dabbobi?

Hanatu: Mun gode Allah, yanzu na tashi. Ya ƙafar Inna?

Bashar: Da sauƙi. Ya maigidan? Ya su Ummulkhairi?

Hanatu: Duk lafiya.

Bashar: Madalla. Ya... ya zafi?

Hanatu: Bashar, tunda aka haife ka ba ka taɓa gaishe ni har ka kai kan zafi ba. Me ka ɓata?

Bashar: Ni? Ba komai. Tambaya ce wani abokina ya ba ni. Wai idan cikin kare ya kumbura, kanwa ake ba shi ko man gyaɗa?

Hanatu: Wane abokin naka ne ke da kare?

Bashar: Ba ki san shi ba.

Hanatu: Ina Gwanki? Ina karen da Kawu Abdulƙadir ya bar maka amana ya tafi Umara?

Bashar: Yana nan gona. Ga shi a gabana.

Hanatu: To sai anjima. Bara ka ce mini akuyata ta haifi ɗa mai kai biyu, na hau mashin tun daga Gusau, na iske ku kuna dariya a gindin bedi. Ba za ka sake ba.

Bashar: Yaya, kar ki kashe. Wallahi yau ba wasa ba ne. Tsaya in miƙa wayar ta wajensa ki ji.

Hanatu: Wannan kakarin fa? Amai yake yi?

Bashar: So yake ya yi, ba abin da ke fita sai yawu mai kumfa. Ya kwanta ya tashi, ya kwanta ya tashi. Ya gantsare baya kamar wanda aka ɗora wa buhu.

Hanatu: Innalillahi. Tun yaushe?

Bashar: Tun da aka... sallar...

Hanatu: Muryarka na yankewa. Matsa wajen rijiya, can ne ke da sabis.

Bashar: Na ce tun da aka fito la'asar.

Hanatu: Me ya ci? Kar ka yi mini kwana.

Bashar: Ɗan tuwo.

Hanatu: Ɗan tuwo nawa?

Bashar: An yi suna gidan Muktar, aka kawo ragowa. Roba ɗaya.

Hanatu: Wace roba?

Bashar: Ta wanki.

Hanatu: Bashar, takardar da na rubuta na manna a ƙofar ɗakinsa, me ta ce?

Bashar: Kin san ni da dogon rubutu tun da muka rabu da makaranta.

Hanatu: Layi uku ne. A ba shi abinci kaɗan-kaɗan sau uku. Kar ya yi gudu sai ya yi awa biyu da ci. Kar a kwance masa igiya a fili. Ka ce mini dai bai yi gudu ba.

Bashar: Ai laifin Sule ne. A majalisa ya ce karen Turawa tsawo kawai gare shi, wai karyarsa ta farauta za ta ba shi rata. Ni kuwa na ce Gwanki ko mashin ba ya kamo shi, na ce da idona na ga ya tsallake amalanke da shanunta.

Hanatu: Ka gani?

Bashar: Da an ba shi dama zai tsallake. To da aka sa yau ranar tseren, sai na ce ɗan kokawa ma sai ya cika ciki kafin ya shiga fili. Na ce ya ci ya samu ƙarfi. Ya share robar, ya sha ruwa rabin bokiti, muka tafi fadama. Yara suka tayar da zomo. Yaya, da kin gani, kafin karyar Sule ta ɗaga ƙafa...

Hanatu: Rufe mini baki. Ka san abin da ka yi? Wannan ba irin karnukanmu ba ne da ke cin tuwo su bi maharba. Daga ƙasar Ailan, can Turai, aka kawo kakanninsa. Dubi ƙirjinsa, zurfi gare shi kamar kwalekwale, tumbinsa a rataye yake a ciki. In ya cika aka yi gudu da shi, sai ya juya ya murɗe, gaba ta toshe, baya ta toshe. Iska na taruwa, jini ba ya wucewa.

Bashar: Sai kuma me?

Hanatu: Awoyi kaɗan ne, Bashar. In ba a buɗe cikin an warware ba, ba ya kai gobe.

Bashar: Yaya, ki daina tsorata ni. Ga Baffa Labbo nan ya zo daga ruga da wuƙarsa, ya ce in saniya ta yi haka huda kwiɓinta suke yi iskar ta fita.

Hanatu: Ka gaishe mini da Baffa, ka ce na roƙe shi ya mayar da wuƙar kube. Tumbin saniya daban, na kare daban. Ba kanwa, ba mai, ko ruwa kar ya sha. Kar kowa ya danna cikin. Yanzu ka ƙwanƙwasa shi a hankali da yatsa, bayan haƙarƙari. Ya yake ƙara?

Bashar: Kamar ganga, in ji Baffa.

Hanatu: In ji Baffa? Kai ina hannunka? Bari wannan. Ɗaga leɓensa ka duba dasashi. Ja ne ko ya yi fari?

Bashar: Daga nan ba na hangowa.

Hanatu: Daga ina?

Bashar: Daga bayan katanga.

Hanatu: Ba kai ne ka sa hoto a waya ba, hannunka a kansa, ka rubuta wai zaki ya san ubangidansa?

Bashar: Barci yake yi ranar. Kuma hannun bai taɓa shi ba, sama na tsayar da shi. Yaya, in gaya miki gaskiya, kwana goma sha ɗaya da sanda nake tura masa kwano. Karen da in ya miƙe tsaye ya fi ni tsawo? Kansa kaɗai ya kai tulu. In ya yi hamma sai in ja da baya.

Hanatu: To wa ya kwance shi a fadama?

Bashar: Baffa.

Hanatu: Saurara. Shekara huɗu ina yi wa Gwanki allura, ko gurnani bai taɓa yi mini ba. Irinsu girman ne kawai, zuciyarsu sanyi gare ta. Abin da ke gudu suke bi, ba mutumin da ya zo a hankali ba. Amma ciwo na sa kowa ya canza, don haka kar ka zo masa ta baya. Ka durƙusa ta gefensa, ka kira sunansa, ka bari ya shinshina bayan hannunka.

Bashar: Yawu fa duk ya jiƙa shi, ga magariba na zuwa.

Hanatu: Ka wanke, ka sake riga. Ruwa bai ƙare a duniya ba. Je ka.

Bashar: In ya cafke ni, ki ce wa Inna ta yafe mini kazarta da na ce shaho ne ya ɗauka.

Hanatu: Je ka, na ce.

Bashar: Gwanki. Gwanki, ni ne, mai tuwo. Yi haƙuri... Yaya, yana kallona. Idonsa duk ya faɗa. Na taɓa shi. Rawa jikinsa ke yi, kunnensa sanyi.

Hanatu: Dasashin.

Bashar: Ba ja ba ne. Ya yi fari-fari, kamar cikin ƙwarya.

Hanatu: Danna da yatsa ka saki, ka ƙirga har launin ya dawo.

Bashar: Ɗaya, biyu, uku... huɗu. Ya ɗan dawo. Wannan da kyau ko?

Hanatu: Ba kyau, amma da sauran lokaci. Zan kira Dakta Fiddausi ta buɗe ɗakin tiyata. Ku taso yanzu, ku wuce Bungudu tun da rana, ka san hanyar nan ba a bin ta da duhu. Wa ke da mota kusa?

Bashar: Keke Napep ɗin Muktar.

Hanatu: Ba zai shiga ba, ya fi buhun siminti nauyi, ga ƙafafu. A-kori-kura nake nufi.

Bashar: Mutum ɗaya ne ke da ita a nan.

Hanatu: Wa?

Bashar: Sule. Yaya, ɗazu na zagaya majalisa sau uku ina kwaikwayon gudun karyarsa. Har waƙa na yi mata.

Hanatu: Ka je ka durƙusa masa kamar yadda ka durƙusa wa karen.

Bashar: Ba sai na je ba. Ga shi can ya juyo da motar, ashe Baffa ya aika masa. Ko kallona bai yi ba, tabarma yake shimfiɗawa a baya.

Hanatu: Allah ya saka masa. Ku ɗora shi kan bargo, mutum huɗu su kama kusurwa, kar a naɗe cikin. Kai za ka zauna baya da shi, ka tare masa rana, kana yi masa magana. In ya ga baƙi kaɗai zai firgita.

Bashar: Ni ma ai baƙo ne a wurinsa.

Hanatu: Kai ne ka ba shi abinci kwana goma sha ɗaya, ko da sanda. Ya san ka.

Bashar: Yaya, in Kawu ya kira fa? Shi da ya ce tun rasuwar Gwaggo matarsa ba wanda ke jiransa a ƙofa sai karen nan.

Hanatu: Kai za ka gaya masa da bakinka, har robar wankin.

Bashar: To. Sule, kama can. Baffa, a hankali, cikin... Mun hau. Yaya, ya ɗora kansa a cinyata. Nauyi kamar dutsen niƙa. Yana lasar mini hannu, ni da na jawo masa.

Hanatu: Kar ka janye.

Bashar: Ban janye ba. Sule, taka ta, don Allah. Katina ya kusa ƙarewa, Yaya, ki tsaya a bakin ƙofa, ki ce wa Dakta yana numfashi, ina jin zuciyarsa a tafin hannuna, ki ce mata kar ta...

Hanatu: Bashar? Bashar?